Kabad ɗin da Inna Ta Hana a Miƙe

Shekarun baya, tun tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, wani abu ya faru a gidanmu a Dogon Dutsi wanda har yau in ya faɗo mini ina shan fura sai na ajiye ludayi, don kada in ƙware iyalina su shiga uku a banza. Na nemi izinin waɗanda abin ya shafa kafin in rubuta. Ɗaya ya ce in rubuta, ɗayar kuma ta ce ita ba ta san zancen da nake yi ba, wanda a gidanmu daidai yake da sa hannu.

Da yawanku kun san yayana ko da ban ambaci sunansa ba, don kuna ganinsa a tele. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Allah ya raba mana arziki daidai wa daida: ya ba shi tsawo da murya da farin jini, ni kuma ya ba ni ci.

Kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ana yaye shi aka kai shi Matankari wajen kakarmu, can ya tashi. A lekol, wato makarantar boko, ya fara wannan sana'a tasa. Babu malamin da bai iya kwaikwayon tafiyarsa ba. Wata rana daraktan makarantar ya fito ya tarar da shi a tsakiyar fili yana tafiya irin tasa, hannu a baya, yana gyaran murya, yara na kwance suna dariya. Kowa ya ce yau bulala za ta ƙare a Arewa. Sai mutumin ya tsaya ya kalla har ƙarshe, ya ce tarin bai yi daidai ba, ya sake. Ƙarshen shekara shi aka sa a gaban wasan kwaikwayon makaranta. Daga nan ƙungiyar wasa ta matasan gari, daga nan Yamai.

Ba zan manta fitowarsa ta farko a tele ba. Ya aiko cewa za a nuna shi. Na bi unguwa gida-gida ina shela, har waɗanda muke gaba da su na gayyato. Muka cika gidan wani maƙwabcinmu, muka zauna tun daga farkon wasa har ƙarshe, ba mu gan shi ba. Ashe shi ne majinyacin da ke kwance a asibiti an lulluɓe shi da zane, ƙafafunsa kawai suka fito. Amma ina gaya muku, jama'a, ƙafafun nan sun yi wasa. Yadda babban yatsa ya motsa lokacin da likita ya shigo, ni nan take na san yaron nan zai yi nisa.

Ya kuwa yi. Daga ƙafa aka koma nuna fuska. Ya fito a mai gari marowaci wanda ke ɓoye nama a cikin hula, ya fito a direban taksi mai gardama, har mutane suka fara tsayar da shi a hanya suna yi masa faɗa a kan rowa. Daga baya aka haɗa shi da wani dattijon ma'aikaci suna gabatar da wani shiri na ranar Lahadi bayan la'asar, wanda ake bin garuruwa ana hira da manoma da makiyaya da masu sana'a. Nan ya sami wurin zamansa. Yayana in ya zauna da mutum a kan tabarma, ko dutse ne sai ya ba da labarin kakanninsa.

To, duk ƙasa na kallonsa, ban da mutum ɗaya, mahaifiyata.

Ku yaran yanzu da uwayenku ke ɗaukar hoto da ku suna sawa a waya ba za ku gane ba. Inna mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yayanku", ko "wancan na Yamai". In ya zo gida ya durƙusa a bakin ƙofa yana gaishe ta, sai ta juya ta fuskanci bango, ta tambayi bangon ko an zo lahiya. Shi ma ya amsa wa ƙasa. Bango da ƙasa su gama gaisawa, kowa ya tashi. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta dariya in yana wurin. Ni kuwa auta, ina iya zama a kan tabarmarta in sa hannu a kwanonta, in ta yi magana in ce ai ɗanɗana mata nake yi.

Da ya fara samu, abin da ya fara saya mata shi ne tele. Aka kawo daga Yamai a saman motar haya an naɗe ta da bargo kamar amarya. Aka ɗora ta a kan tebur a ɗakin Inna, aka kafa eriya. Inna ta dube ta sau ɗaya ta ce, "A gaya mai an gani."

Daga ranar ɗakinta ya zama gidan kallo. Kowace Lahadi ana sallame la'asar matan unguwa za su fara shigowa, mai goyo da mai tsefe kai, har a rasa wurin taka ƙafa. Ita kuwa mai ɗakin sai ta ɗauki ƴar kujerarta ta koma can lungu, ta juya wa tele baya, ta ɗora faifan wake a cinya tana tsinta. Muryar ɗanta na cika ɗaki, mata na shewa, ita ko waige. In wata ta ce, "Inna, juyo ki ga ɗanki ya hau raƙumi," sai ta ce, "Raƙumin ya gode."

Abu biyu ne kawai ke tayar mata da hankali a wannan zama. Na farko wata maƙwabciyarmu doguwa, wadda in ta ɗaura kallabi sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙofa. Duk sanda matar nan ta miƙe ko ta gyara zama a tsakiyar ɗaki, sai Inna ta ce, "Ke, matsa can, kin tare min iska." Ko da lokacin sanyi ne, kowa na ƙudundune cikin zane, ita dai an tare mata iska. Muka ɗauka tsufa ne.

Na biyu kuma kabad ɗinta. Wani tsohon kabad ne mai madubi a jikin ƙofa, tun na aurenta, yana tsaye a lungun da take zama. Kabad ɗin nan bai taɓa tsayawa daidai ba. Ya baro bango ya karkace gefe guda, an cusa masa gutsuren bulo a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kamar mai shirin fita da gudu. Wata rana Inna ta tafi barka, ni kuma neman albarka ya motsa mini. Na cire bulon, na tura kabad ya manne da bango, na share bayansa, na zauna ina jiran a sa mini albarkar da za ta ishe ni har jikoki.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kabad, ta dube ni.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, gyara na yi. Ya karkace."

"Shekara nawa shina karkace, ya taɓa kawo maka ƙara? Maida shi yadda ka ishe shi."

Jama'a, yinin nan na ga aiki. In tura ta ce ya yi yawa, in jawo ta ce bai kai ba. Ta zauna a kan kujerarta tana ba da umarni kamar mai saukar da jirgin sama. Sai da gumi ya jiƙa ni har cikin takalmi kafin ta ce, "Tsaya nan." Na ce a raina tsohuwar nan dai sai addu'a. Ban ƙara taɓa kabad ɗin kowa ba, har na matata.

Ana nan sai dattijon da suke shiri tare da yayana ya kusa ritaya. Shugabanninsu suka kira yayana suka ce suna so ya riƙe shirin shi kaɗai, da sunansa, ya ba su amsa in ya dawo daga hutu. Wannan shi ne abin da yake mafarki tun zamanin ƙafafu. Da ya gaya mini a waya na yi ihun da sai da awakin maƙwabta suka tsinke igiya.

Kwana kaɗan bayan haka ya sake kira. Da jin sallamarsa na san ba lafiya, don muryar da ke cika ƙasa ta koma kamar ta mai neman rance.

Akwai kawunmu, ƙanen Inna, yana da shagon siminti da kwanon rufi a bakin kwalta. Mutumin kirki ne, mai riƙo da addini, amma bai taɓa ɗaukar wasan kwaikwayo a matsayin sana'ar da babban mutum zai yi ba. Ya daɗe yana son yayana ya dawo ya riƙe masa shago. To ashe ya je gaishe da Inna, zance ya biyo ta kan na Yamai, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Abin da yaron nan ka yi cikin akwatin nan gaban duniya, kunya shika ba ni." Daga haka ta ja bakinta. Kawu bai tsaya neman ƙarin bayani ba, ya ɗauki maganar da zafinta ya kai Yamai ta waya.

"Auta," in ji yayana, "ka taɓa ganin ta kalli shirin nan ko sau ɗaya?"

Na so in yi ƙarya, amma ƙaryata ta fi ƙarfi a wajen girman kifi da yawan tuwo. Na ce, "Yaya, ka san halinta. Kunya ce."

"Ni ma haka nika cewa. Amma kunya daban, a ce abin kunya nika yi daban. In aikin nan shina ɓata mata rai, na bar shi. Ba ni hawa kujerar da uwata ka juya ma baya."

"Siminti fa, Yaya. Kai da ko buhun gishiri ba ka iya ɗauka."

"Ka tambayo min ita. Kai kaɗai ka iya."

Na shirya kamar mai zuwa neman aure. Na sayo goro mai kyau, na sayo kilishi, rabi dai ya isa gida. Na zauna kusa da ita na fara da zancen damina, na bi ta kan tsadar hatsi, na zagayo ta kan ciwon gwiwarta, sannan na ce, "Inna, wai aikin nan na Yaya, mi kika gani game da shi?"

Ta ɓare goro ta ce, "Ni ina ruwana da aikin mutane?"

"Kawu ya ce kin ce…"

"Kawunka bakinai ya fi shagonai faɗi."

"To kina so ya bari?"

"Kai, tashi ka duba ko an ba tumaki ruwa."

Na sake gwadawa washegari, aka aike ni sayen gishirin da muke da buhunsa. Na gwada jibi, ludayi ya bi ta saman kaina. Na kira yayana na ce masa ban samo eh ba, ban samo a'a ba, amma tumaki sun ƙoshi da ruwa. Ya ce shi ke nan, ya fahimta.

Ranar Juma'a ya sauka a tasha. Yara suka bi kabu-kabun da ya ɗauko shi har ƙofar gida suna kiran sunan mai gari marowaci, yana ɗaga musu hannu yana murmushi, amma ni na san murmushin aiki ne. Ya gaishe da ƙasa, Inna ta gaishe da bango. Ya ce mini Litinin zai kira Yamai ya ce su nemi wani. Kawu kuwa har ya sa an share masa kujera a shago.

Lahadi ta zo. Shirin da za a nuna an riga an ɗauka, a wata ruga wajen Dumega. Yayana ya ce ba ya son gani, ya zauna a zaure shi da Kawu, wanda ya zo da makullan shago a aljihu suna ƙara duk sanda ya motsa. Ni kuma na shiga cikin gida, ba don kallo ba, gaskiya. An yi kopto da rana, wato kwaɗon zogale, na san Inna ta rage a kwano ta ajiye a lungunta. Ɗaki ya cika maƙil da mata, na bi ta gefe ina ba da haƙuri ina taka ƙafafu, har na isa. Da na sami kwanon sai hanyar fita ta rufe. Na zauna nan ƙasa kusa da kujerar Inna, wurin da ban taɓa zama ba a ranar Lahadi, na juya wa tele baya kamar yadda ta yi, na fara aiki.

Aka sa kiɗan buɗe shiri. Muryar yayana ta yi sallama, irin doguwar sallamarsa da yake gaishe da na gona da na daji da na bakin rijiya. Ina cikin loma sai na ji kamar ana maimaitawa ƙasa-ƙasa kusa da kunnena. Na saci kallo. Leɓen Inna ne ke motsi, kalma bayan kalma, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Hannunta na cikin wake, amma ba abin da take tsinta.

Na rage ƙarar taunata.

Can aka zo inda wani dattijon makiyayi ya fito tarbarsa. Na ji mata suna cewa, "Kai, dubi farin gemu." Sai Inna ta ja tsaki siriri, ta ce a ƙasan maƙoshi, "Ga shi nan kuma. Dattijo shina miƙo mai hannu, shi ko hagu."

Na waiga na dubi tele. Yayana na riƙe da hannun dattijon da damansa, har ya ɗora ɗayan a ƙirji. Aka kawo ƙwaryar nono, ya karɓi ludayi da dama.

"Har sha da hagu," in ji Inna. "Gaban duniya. Sai a ce ba a rene shi ba."

Na dubi tele, dama. Na dubi Inna. Idonta ba ya kan wake, ba ya kan bango. Na bi inda take kallo da ido, sai ga ni cikin madubin kabad. Jama'a, ga tele nan ɗungurungum a ciki, tun daga sama har ƙasa, tas kamar an auna da ma'auni. Ga yayana a ciki yana shan nono da hannun hagu.

Daidai nan doguwar maƙwabciyarmu ta miƙe za ta gyara goyo, bayanta ya cika madubin.

"Ke, kin tare min iska," in ji Inna.

Kopto ya bi ta hancina. Na yi tari har sai da wata tsohuwa ta fara buga mini baya tana salati. Dariya na tuƙa ni, hawaye na zuba, kuma wallahi ba duka na dariya ba ne. Amma na daure, don na san in na tona ta a gaban matan unguwa, ba za ta ƙara zama a lungun nan ba har abada. Na ce barkono ne.

Sai da aka gama shiri, mata suka watse, ya rage daga ni sai ita. Na ce, "Inna, madubin nan naki shina da haske."

"Wane madubi?"

"Wanda kika sa na yini ina turawa."

"Ni wake nika tsinta."

"Inna, waken nan tun ina saurayi kike tsintar shi. Ko tsakuwar dutsen garin nan ce a ciki da yanzu ta ƙare."

Ta lalubi ludayi za ta jefe ni, na riga ta ɗauka. Na zagaya bayanta na tsaya, na ɗaga ludayin sama da hannun dama.

"Don Allah, Inna, abu ɗaya. Kada ki waigo. Dubi cikin madubi ki gaya min, da wane hannu nika riƙe da ludayin ga?"

Ta yi kamar ba za ta duba ba, sannan ta ɗaga ido. "Hagu mana. Kai ma ka koya, ko? Dama kai ba a rasa ka wajen lalacewa."

"To waigo."

Ta waigo. Ta dubi hannuna. Ta koma ta dubi madubi. Ta sake waigowa. Ta sa na sauya hannu, ta sa na mayar. Ta kama hannun nawa ta matsa, wai ko na yi mata dabo. Daga nan ta ɗaga nata hannun a gaban madubi, ta daɗe tana kallon matar da ke ciki. Shekara da shekaru tana ɗaura kallabi a gaban madubin nan, bai taɓa zame mata abin tunani ba, don ba ta taɓa tsayawa tambayar wane hannu matar ciki take ɗagawa ba.

"Ashe da dama shika gaisawa," ta ce a hankali.

"Tun ran da ya fara."

"Da dama shika ci."

"Inna, ni ne shaida. Da dama ya sha cinye min nama."

Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta dubi kabad ta ce, "Maƙaryacin banza. Ni da nika goge ka kowace Lahadi."

Nan na gaya mata abin da ke zaure: Kawu da makullai, da wayar da za a yi gobe. Ban taɓa ganin Inna ta miƙe da sauri haka ba, gwiwar da muke yi wa addu'a ta manta da ciwo. Ta kai bakin ƙofa, sai ta tuna ko ita wace ce. Ta dawo ta zauna, ta gyara mayafi, ta fuskanci bango.

"Kira min yayanku."

Na fita da gudu, in dai abin da nake yi ana kiransa gudu. A tsakar gida na ba shi labari a gurguje, rabi magana rabi dariya. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya zo bakin ƙofa ya durƙusa, kansa a ƙasa. Kawu ya biyo baya da makullansa. Ni kuma na tsaya a tsakiya, tsakanin mutum biyu da in ɗaya ya yi atishawa ɗayan zai ji iska, na zama tafinta.

"Auta," in ji Inna, tana kallon bango, "ka gaya ma yayanku na ji ana neman mai auna siminti."

"Yaya, ta ce ta ji ana neman mai auna siminti."

"Ka ce mai, ƙurar siminti tana shaƙe murya."

Na isar.

"Ka ce mai, rigar da ya sa ran da suka tahi Tibiri wajen masu saƙa ta yi mai kyau, amma hular ba tata ba ce. Ka ce mai, ran da ya hau raƙumi na ga ya ji tsoro, ya bar yin abin da bai iya ba. Kuma ya rame wajen azumi, su riƙa ba shi abinci."

Ban kai ga isar da wannan ba, don na ga kafaɗun yayana suna rawa. Mutumin da ya yi kukan ƙarya a tele har mata suka yi ta aiko masa da haƙuri, yau ga na gaskiya, kuma bai iya shi da kyau ba ko kaɗan.

Sannan Inna ta ce wa bangon, "Ka ce mai ya koma bakin aikinai. Allah shi yi ma aikin albarka, shi da mai yin shi."

"Amin," in ji yayana, ga ƙasa. Da ƙyar ya ƙara da, "Auta, ka ce mata na gode."

"Yaya, ai tana ji."

"Faɗa mata dai."

"Inna, ya ce ya gode. Ya ce kuma a yanka ma auta zakara, ladan tafinta."

Faifan wake ya tashi sama ya same ni a ƙeya. Waken nan da aka yi shekaru ana tsinta ya watse a ƙasa, kaji suka shigo suka gama da shi. Kuma a ranar, karo na farko a rayuwata, na ji Inna ta yi dariya yayana yana wurin. Ta toshe baki da mayafi, amma ta makara, duk mun ji.

Kawu ya juya makullansa ya ce, "To ni mi na sani? Ta ce kunya, ban tambayi wace iri ba." Inna ta ce masa gobe in ya ji rabin magana ya zauna ya jira sauran. Ya karɓi faɗan yayarsa da hannu biyu, ya kuma ci zakaran tare da mu, don an yanka. Yanzu akwai tele a shagonsa. Ya ce don labarai ya saya, amma duk Lahadi bayan la'asar in ka je sayen ƙusa sai ka jira.

Litinin yayana ya kira Yamai ya ce ya karɓa.

Ku da kuke kallon shirin, kun san yadda yake buɗewa: ya ɗaga hannu biyu sama ya yi sallama. In zai gaisa da dattijo, hannu biyu. In aka miƙo masa ƙwarya, hannu biyu. Yara na kwaikwayonsa a lekol, na ji har wani ɗan jarida ya taɓa yabonsa a kan wannan salo na ladabi. Ni dai ina gefe ina dariya, don na san tun daga wane mako aka fara. Yayana ya ce mini, "Ta gane madubi ne, amma ba ni son ko cikin madubi ta ƙara ganin abin da zai sosa mata rai. In na ɗaga biyu, ta kowane gefe ta duba akwai dama."

In na tuna abin nan yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka zauna da matar nan shekaru muna cewa ba ta kallo, alhali duk ɗakin babu mai kallo irin nata. Mu muna kallo muna hira muna cin gyaɗa, ita kuwa har maɓallin rigarsa ta sani. Mutanen da ba su iya cewa suna son ka ba, sai dai su karkata kabad su cusa masa bulo. Saura kaɗan mu yi asarar aikin mutum guda saboda ba wanda ya taɓa zama a inda take zama. Ni ma da ba don kopto ba da ban zauna ba, shi ya sa duk mai yi mini gorin ci nake ce masa ya yi a hankali, cikin nan ya taɓa ceton wani.

Inna na nan da ranta, ta tsufa, an yi mata tabarau. Yayana ya sake mata tele babba, irin mai faɗin nan da ake mannawa a bango. Da masu kafawa suka zo suka tambayi inda za a sa, ta ce ita ba ruwanta, su sa inda suka ga dama. Suna gamawa suka tafi, sai na ji an ƙwala mini kira daga ɗaki.

"Auta, zo ka tura min kabad ɗin ga. Ya faye miƙewa."